Neman Shawara Kan Tsofaffin Littattafan da Har Yau Suke Yawo a Bakin Mutane

Malamar Hausa, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina koyar da Hausa a wata makarantar sakandare, kuma tun farkon wannan zango na buɗe wa 'yan aji biyar da aji shida zaman karatu kowace Asabar bayan la'asar. A zaman da ya gabata wata yarinya mai kaifin baki ta faɗa mini a gaban sauran cewa tsofaffin littattafai sun bi masu su kabari, don haka ba ta ga dalilin da za ta ɓata Asabar ɗinta a kansu ba. Na ba ta amsa irin ta malamai, amma ni kaina amsar ba ta gamsar da ni ba. Abin da nake nema a wurinku shi ne sunayen littattafan da aka rubuta tun da daɗewa, waɗanda zan iya nuna wa yaran nan sawunsu a cikin abin da suke ji da gani yau, sannan a gaya mini inda ake samunsu a nan Kaduna.

Baba, tsohon ma'aikaci, Tudun Wada:
Wa'alaikumus salam. 'Yata, kada ki yi nisa, ki fara da Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, domin a cikinsa kaɗai akwai amsar yarinyar nan. Littafi na farko ya fito a 1937, sauran biyun suka biyo baya, kuma Imam bai taɓa ɓoye cewa ya ɗebo labaransa daga rijiyoyi da yawa ba: daga Alfu Laila, daga Kalila wa Dimna, daga tatsuniyoyin Jamus, daga na Hausa. Ko akun da ke hana Musa ɗan Sarki Abdurrahman fita daga fada ta hanyar ba shi labari bayan labari har gari ya waye, kakansa wani aku ne na ƙasar Indiya, wanda a wani tsohon littafi yake hana matar ubangidansa fita da dare da labarai guda 70. Farisawa suka ɗauka suka mayar da shi harshensu, ya yi ta tafiya har ya sauka a Zariya ya yafa babbar riga. Wanda bai sani ba zai rantse a Katsina aka ƙyanƙyashe akun nan.

Mu da muka ga lokacin da gidan talabijin na Kaduna ya mayar da littafin wasan kwaikwayo, da marigayi Ƙasimu Yero a ciki, mun san yadda tsakar gida take cika idan lokacin ya yi. A layinmu gida biyu ne kacal masu akwatin talabijin, yara kan zauna a tabarma tun kafin magariba don kama wuri. Ki haɗa musu da Ruwan Bagaja, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, ki lura musu da yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke ta haɗuwa a gari bayan gari kowa yana yi wa ɗan'uwansa ƙeta. Wannan zubin na Maƙamatul Hariri ne, kuma na bar wa malamai bayanin wannan.

Ɗalibin jami'a, Kawo:
Baba ya buɗe ƙofa mai kyau, Allah ya ƙara girma. Malama, ni shawarata ita ce ki bi yaran ta inda suka riga suka saba, wato fim. Da wuya a sami ɗalibarki da ba ta taɓa jin an ce wane da wance sun zama Laila da Majnun ba, kuma iyayenmu mata da yawa sun san labarin ne ta fim ɗin Indiya na 1976. To asalinsa labarin Ƙais ne, wani mawaƙin Larabawan ƙauye na ƙarni na 7, sannan Nizami na Farisa ya tsara shi a doguwar waƙa a ƙarshen ƙarni na 12. Haka kuma Aladdin da suke gani a zanen yara, daga Dare Dubu da Ɗaya yake, wanda aka buga fassararsa ta Hausa tun 1924. Abin da ya fi ba ni mamaki da na karanta tarihinsa shi ne, labarin Aladdin da na Ali Baba ba sa cikin tsofaffin kwafin Larabci. Wani Bafaranshe, Antoine Galland, wanda ya fara fitar da fassararsa a 1704, shi ya ji su daga bakin wani mutumin Halab mai suna Hanna Diyab, ya saka su a ciki.

Ina kuma ba da shawarar Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Na karanta shi ina firamare ina zaton jarumin Bahaushe ne, sai daga baya na gane cewa Iliya jarumi ne na tsofaffin waƙoƙin Rashawa, Sarki Waldima shi ne Vladimir, birnin Kib kuwa Kiyef ne, babban birnin Yukren da ake ta ambata a labarai. Idan kina son ɓangaren Turawa, akwai Daren Sha Biyu, fassarar da Ibrahim Yaro Yahaya ya yi wa wasan Shakespeare.

Alaramma, Rigasa:
Na karanta abin da Alhaji da ɗanmu ɗalibi suka rubuta, kuma duk sun yi daidai, sai dai ina ganin an tsallake waɗanda suka fi kowane littafi rai a garin nan. Malama, ki tambayi yarinyar ko ta taɓa kwana a unguwarsu cikin watan Maulidi. Idan ta taɓa, to ta ji Ishiriniya, ko ta san sunanta ko ba ta sani ba. Mai ita Alfazazi mutumin Andalus ne, ya rasu a birnin Fas na Maroko a 1230, kusan shekara 800 ke nan. Ya bi haruffan Larabci ɗaya bayan ɗaya, kowane harafi ya yi masa baiti 20 na yabon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ya sa ake ce mata Ishiriniya. Daga baya Ibnu Mahib ya yi mata tahamisi, wato ya ɗora ɗango uku a gaban kowane baiti ya zama biyar, kuma wannan mai tahamisin ita ce muke rerawa. A zaurenmu mutum ɗaya ne ke ja, jama'a su amsa, malam ya fassara da Hausa, kuma akwai wani dattijo mai gyaran keke da ba ya iya haɗa baƙi da wasali, amma idan mai ja ya yi tuntuɓe a harafi, daga bakin ƙofa yake gyara masa. A Andalus ɗin da aka haifi mai waƙar yau ba a rera ta a masallatan unguwa, amma ana rera ta a Rigasa.

Haka Burda ta Busiri, mutumin Masar na ƙarni na 13, da Dala'ilul Hairati na Jazuli wanda ya rasu a 1465, da Ashafa na Alƙali Iyal. Masu bege na yanzu da suke shiga situdiyo da fiyano, idan kika saurare su da kyau, yawancin ma'anonin da suke juyawa daga waɗannan suka fito, ko da wani bai san daga inda ya gado ba.

Sai tafsirin azumi. Jalalaini malamai biyu na Masar suka rubuta shi, Mahalli da Suyuɗi, kuma shi Suyuɗi da ya rasu a 1505 har wasiƙa ya aiko wa sarakunan wannan yanki, ciki har da na Katsina. Littafin nan shi ne a gaban malamai da yawa idan mai jan baƙi ya ja aya suka fara fassara. Tafsirin da marigayi Shehu Abubakar Gumi ya yi shekara da shekaru a Masallacin Sultan Bello, rediyon Kaduna na kai shi har ƙauyukan Nijar da Kamaru, shi ma misali ne na yadda karatun zaure ya hau iska. Game da Maƙama da Alhaji ya bar mana, guda 50 ne, Hariri na Basra ya rubuta su, ya rasu a 1122, kuma har gobe ɗalibin da ya sauke Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, idan yana son lugga, sai ya durƙusa a gabansu. Amma kada ki ba yaran sakandare Maƙama, za su gudu. Ki ba su labarin Abu Zaidu mai wayo, jarumin Maƙamar, guda ɗaya da Hausa, ki ajiye shi kusa da Malam Zurƙe, su da kansu za su ga kamar.

Hajiya, Unguwar Sarki:
Allah ya gafarta Malam, an gaishe ka da wannan bayani. Ƙanwata Malama, tunda yarinya mace ce ta kawo maganar, ni da mace zan amsa mata. Ki kawo musu Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ba ta rubuta waƙoƙinta don a jibge a ɗaki ba. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali daga ƙauye ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan rawani, ita kuma ta jagoranci 'yan taru su zo su haddace waƙa, su koma su koya wa matan da ba sa fita. Kakata ta wajen uwa ba ta taɓa shiga aji ba, amma tana tankaɗe tana rera baitocin wa'azi, kuma sai da na girma na ga littafin da Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara ayyukan Nana a 1997, na gane cewa wasu daga cikin abin da tsohuwar nan take rerawa a bakin turmi a rubuce suke tun ƙarni na 19. Ki nemi Tabbat Haƙiƙa, wadda Shehu ya yi da Fulatanci Nana ta mayar Hausa, ki karanta musu gargaɗin da ke ciki ga masu mulki da masu cin haƙƙin talaka, ki ga ko za su ce maganar ta tsufa.

Na biyu kuma Imfiraji ta Aliyu Namangi na Zariya, wanda makaho ne, ya rasu a 1990. Ita ba ta kai sauran tsufa ba, amma ta bi hanyarsu. Makon jiya ina zaune a mota a tashar Kawo muna jiran cikon mutum biyu, sai ga wani makaho da yaro ɗan jagora riƙe da sanda. Ya tsaya a jikin taga ya ɗauko baiti, yaron yana karɓa masa a ƙarshe, ƙoƙon roba a hannunsa. Wata budurwa da ke kusa da ni ta cire abin sauraro daga kunne ɗaya, kuma na ga leɓenta yana bin baitin. Da na tambaye ta inda ta koya, ta ce ita ba ta koya ba, tana dai ji ne tun tana ƙarama.

Ɗalibin jami'a, Kawo:
Hajiya ta tuna mini wani abu. Kusan duk waɗannan da aka ambata akwai karatunsu a YouTube, kuma ana tura su a WhatsApp, daga Ishiriniya har Magana Jari Ce da ake karantawa da murya. Ina ganin Malama za ta iya sauke su a waya ta kunna a zaman, ba sai an sayi littafi ko an nemi malami ba, tunda kuɗin littafi yanzu ya yi tsada.

Alaramma, Rigasa:
Ɗana, a nan zan ɗan ja da kai. Sauraro a waya yana da amfani, ni ma ina yi, amma waya ba ta tsayar da kai ta ce maimaita. Littattafan nan sun kai yau ne domin kowane mai karatu ya zauna gaban wani ya karɓa, shi ma wancan daga wani ya karɓa, ana jin kuskure ana gyarawa nan take. Na sha jin karatun da aka ɗora a intanet wanda mai yinsa ya karya wasali har ma'ana ta juye, dubban mutane kuma sun saurara sun tura gaba. A kunna a waya don yara su ji daɗin karin, wannan na yarda, amma a kawo mutum mai rai ko sau ɗaya ne ya zauna da su, su yi masa tambaya.

Baba, tsohon ma'aikaci, Tudun Wada:
Ina bayan Alaramma, ko da yake ba zan kori wayar gaba ɗaya ba. A zamaninmu ma an yi wa rediyo irin wannan zargi, aka ce za ta kashe zaure, ga shi zauren bai mutu ba.

Mai sayar da littattafai, Babbar Kasuwa:
Malama, bari in yi magana a matsayin wanda yake zaune da kayan nan kullum. Littattafan Imam da Iliya da Imfiraji da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka yi fim ɗinsa a 1976, duk na kamfanin buga littattafai na NNPC ne na Zariya, magajin aikin ɗab'in da aka faro a Gaskiya, kuma ana samunsu a shagunan littattafai na kasuwa, musamman farkon zangon karatu. Amma ki buɗe ki ƙirga shafi kafin ki biya. Bara wani mai kawo mini kaya ya haɗo mini katan guda na Magana Jari Ce na biyu, takarda kamar ta ƙunshin ƙosai, tawada ta dushe, kuma shafi 16 cur babu su a tsakiya, labari ya yanke ana cikin gasar aku da Haziƙ. Sai da wani uba ya dawo mini da nasa yana faɗa na lura, kuma asarar a kaina ta ƙare. Alamar na jabu ita ce hotunan ciki sukan yi baƙi ƙirin, gefen shafi kuma ba ya daidaita.

Su Ishiriniya da Burda da Ahalari kuwa ba sa kwantai, su ne ma suke riƙe da shagon idan kasuwar boko ta yi sanyi. Akwai bugun Masar da na Beirut masu rubutun Sharƙiyya, akwai kuma bugun Kano da aka ɗauko hoton rubutun hannu irin namu na Warash, mai manyan baƙaƙe da fili tsakanin layuka inda ɗalibi zai rubuta fassara da ajami. Dattawa wannan na biyun suke nema, kuma shi nake ba ki shawara ki saya ko guda ɗaya don yara su gani. Idan suka ce ba su san ajami ba, ki ce su ciro naira 500 ko 1000 su duba, Hausa ce aka rubuta a jiki da haruffan Larabci, suna kashe ta kullum ba su karanta ba.

Mai bincike a fannin tarihi, Malali:
Ina neman afuwa da na makara, yau na ga wannan tattaunawa. Shawarata guda ce, Malama: ki rubuta takarda ta hannun shugabar makarantarku ki nemi izinin kai yaran Gidan Arewa da ke kan titin Rabah. Gidan Sardauna ne a da, aka mayar da shi cibiyar bincike a 1970 da ƙoƙarin Farfesa Abdullahi Smith, yanzu tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, kuma akwai rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami a ajiye. Haka ma Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke kan titin Yakubu Gowon. Yaron da ya ga takardar da aka rubuta da alƙalamin kara da tawadar gida ba zai koma yana kallon littafi kamar da ba.

Kafin tafiyar, ki sa kowane ɗalibi ya tambaya a gida ko akwai gafakar kaka. Ni a gafakar kakana na fara wannan aiki. Na same ta rataye a ƙusa a bayan ƙyaure, fatar ta bushe, a ciki akwai warƙoƙi a warwatse ba ɗinki, tsakanin kwali biyu da aka ɗaure da tsirkiya. Babu lambar shafi ko ɗaya. Na rasa yadda zan jera su har wani malami ya nuna mini cewa a ƙasan kowace warƙa, can kusurwar hagu, marubucin ya rubuta kalmar farko ta warƙar da ke biye. Da wannan muka jera su cikin kwana uku, ta fito Risala ce ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, gara ta cinye babin gado kusan rabi. A gefe akwai fassarar kalmomi da Hausa da hannu iri uku daban-daban, wato mutum uku ne suka yi karatu a kwafin nan ɗaya bayan ɗaya. Idan an samo irin wannan, don Allah kada a manna masa salatif, kada a yi masa lamineshin, kuma kada a shanya a rana.

Idan yaran suna son abin da ya shafi mulki, a ƙara musu da nasihar da Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, da Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello na 1812, wanda yawancin abin da littattafan tarihin makaranta suke faɗa a kan jihadi daga gare shi aka samo.

Malamar Hausa, Unguwar Rimi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, na cika shafi huɗu da abin da kuka rubuta. Ga yadda na tsara: Asabar mai zuwa zan fara da Imfiraji ba tare da na faɗi sunanta ba, in ga mutum nawa za su iya ƙarasa baitin, sannan mu shiga akun Imam mako biyu. Allah ya gafarta Malam, idan ba zan takura maka ba, ina roƙon ka ba mu Asabar ɗaya, ko ka turo mana ɗaya daga cikin manyan almajiranka ya ja mana harafi ɗaya na Ishiriniya ya fassara. Hajiya, littafin Nana da kika ambata na neme shi a ɗakin karatunmu babu, ko akwai mai shi a cikinmu?

Hajiya, Unguwar Sarki:
Ina da shi, ƙanwata, amma da Turanci aka yi bayaninsa, kuma yana da nauyi, ya fi shafi 700. Waƙoƙin Hausar suna ciki da rubutun boko, su za ki kwafa. Ki aiko yaro ranar Alhamis bayan azahar ya karɓa, ki riƙe shi har ƙarshen zango, sai dai a saka shi a leda saboda damina.

Alaramma, Rigasa:
Ni da kaina zan zo in Allah ya yarda, Asabar ta uku, tare da dattijon nan mai gyaran keke idan ya amince ya rufe rumfarsa da wuri. A tanadar mana tabarma, ba ma zama a kujera da littafin.